Ranar da Dangi Suka Danna wa Awilda

Duk wanda ya yi firamare a unguwarmu ya ci shinkafa da waken Awilda, kuma in ka tambaye shi zai gaya maka abincin ba shi da daɗi. Gaskiya ce. Awilda 'yar kawuna ce, tare muka taso a kan dutsen nan, ina ƙaunarta, amma ba zan yi ƙarya don ita ba: ta ƙare ƙuruciyarta a kicin ɗin makaranta ba ta koyi auna gishiri ba. Abin da yara suke rububi a kansa shi ne allon bakin kicin, inda ake rubuta abincin ranar. Sauran masu girki su rubuta "wake da kaza" su wuce. Ita kuwa sai ta zana kazar, da tabarau a hanci, tana karanta jarida. Yara su tsaya suna dariya har abincin ya huce, shugabar makaranta ta fito tana faɗa.

Zanen nan tun tana ƙarama yake bin ta. Babanta ɗan tsinkar kofi ne a gonar wasu, babu kuɗin fenti, sai ta riƙa jiƙa dusar kofi tana zane da yatsa a bayan takardar ƙunshin burodi. Ta sha duka saboda zane a bangon ɗakin mamarta. Da ta girma ta auri Fermín, direban babbar mota, wanda ya tafi New Jersey ta Amurka neman aiki ɗansu Heriberto yana goye, har yau dai yana nan yana neman kuɗin jirgin dawowa. Ita ta riƙe yaron, ta yi masa karatu, ta yi masa aure. Ba ta taɓa kiran kanta mai zane ba. In an yaba mata sai ta ce, "Ai wasa ne," ta goge allon da tsumma.

Sai babbar guguwar nan ta zo ta yaye rufin makarantar. Da aka samu hanya aka shiga kicin, komai ya tafi, sai tukunyar shinkafa ƙatuwa a kife a lungu. Awilda ta ɗaga ta, ga wata kaza a ƙarƙashi, da ranta, ta ma yi ƙwai. Ba wanda ya san ta wane ce, ba wanda ya san yadda ta shiga. Awilda ta zauna a ƙasa cikin laka tana dariya har da hawaye, ta ɗauki kazar ta kai gida.

Makarantar ba ta sake buɗuwa ba. Iyaye suka kwashe yara zuwa Orlando da Hartford can Amurka, hukuma ta ce babu ɗalibai, aka sa kwaɗo a ƙofa. Heriberto ma ya tattara matarsa da 'yarsa Alondra suka bi ayari. Awilda ta rage ita kaɗai a gida, ita da kaza. Da aka kwana biyu, in ta kira waya ta tambayi jikarta da Sifaniyanci, sai yarinyar ta amsa da Turanci, ta miƙa wa babanta wayar. Nan ne Awilda ta sauka birnin Ponce ta sayo takarda mai kauri da fentin ruwa, ta fara zana labarin kazar da ta tsira a ƙarƙashin tukunya.

Na ga zanen tun na farko, kuma ni ba mai saurin yabo ba ce. Ya yi kyau. Iskar ma ta zana ta yadda za ka ji kamar ka riƙe hularka. Na ce mata mu kai shagon kwafi a ɗinke mata guda goma, ta aika wa yarinyar ɗaya. Ta kalle ni kamar na zage ta.

"Nena," ta ce, wato yarinya, haka take kirana har yau duk da jikokina, "na gaji da abin da ake gogewa da tsumma. Littafi nake so, mai bango mai tauri, irin wanda ake jerawa a laburare, da sunana a gefe. In riƙe shi in gan shi da idona, sannan in aika mata."

Wannan "da idona" ba salon magana ba ne. Ciwon suga ya daɗe a jikinta, kuma ya fara cin idon. Da farko tabarau, sai madubin ƙara girma, sai ta fara tambayata ko wannan kore ne ko shuɗi. Ni na raka ta wurin likitan ido a Ponce. Ya duba, ya yi mata allura a ido, ya ce za a rage saurin abin amma ba za a tsayar da shi ba, duk abin da take son gani ta gan shi da wuri. A mota, da muka fara hawan dutse, ta ce in tsaya ta sayi fenti ja.

Ta aika wa masu buga littattafai biyu a San Juan, babban birninmu. Ɗaya bai amsa ba. Ɗayan ya amsa da fara'a, ya ce zai buga in ta biya kuɗin bugu, kuɗin da ko ta sayar da gidan da kazar ba zai kai ba.

Misi Yarelis ce ta kawo maganar maudu'in. Ita ce mai kula da ɗakin karatu a makarantarmu kafin a rufe, yanzu tana aiki a wani laburare a Orlando, kuma ba ta daina kiran Awilda ba. Ta ce akwai rana guda a shekara da marubuta da masu zanen littattafan yara 'yan asalin ƙasashenmu masu Sifaniyanci suke sa aikinsu a wani shafin sada zumunta. Kowa ya sa hoto da taƙaitaccen bayani, ya liƙa wata kalma mai alamar tsani a gaba, wato maudu'in ranar. Editocin kamfanonin buga littattafai su bi wannan maudu'i suna dubawa tun safe har yamma. Wanda aikinka ya burge shi sai ya danna 'yar zuciyar da ke ƙarƙashin hoton, ma'ana ka turo masa littafin ya gani.

"Amma ki ji da kyau, Doña Awilda," in ji Misi Yarelis a waya, ni ina gefe ina ji. "A ranar, edita kaɗai yake danna zuciya. 'Yan uwa da abokai ba sa dannawa. In suna son taimakawa su yaɗa hoton, ko su rubuta fatan alheri a ƙasa. Zuciya ɗaya ta edita ta fi duk wani yabo."

"To in ba wanda ya danna fa?"

"Sai wata shekarar."

A shagona na burodi ake yin komai, don ni ce mai janareta da intanet da ba ya yankewa in an ɗauke wuta. Shekarar farko Misi Yarelis ta rubuta mana bayanin da Turanci, ni na ɗauki hotunan, na sa, na liƙa maudu'in. Awilda ta zauna a teburin lungu tun buɗe shago, wayar a gabanta, tana ta shan kofi. Wayar ba ta yi ko tari ba. Na leƙa na ga na wasu, 'yan mata masu digiri daga Texas da California, wannan zuciya biyu, wancan uku, mafi yawa kuwa ba ko ɗaya, irin namu. Da yamma ta miƙe ta ce mini, "Burodinki yau ya yi tauri," ta tafi gida. Ta yi kwanaki ba ta fito ba.

Ƙanwarta Luz Selenia ce ta je ta same ta tana kuka a kan zanen. Dole in gaya muku wace ce Selenia. Ita ce shugabar matan coci, ita ce mai riƙe da zauren dangi a waya, ita ce take sanin wanda aka kwantar a asibiti kafin likita ya sani. In gidanka ya ƙone, kafin toka ta huce Selenia ta haɗa maka katifa da tukwane. Ba ta da mugunta ko ƙwaya ɗaya, amma ba ta taɓa sauraren magana har ƙarshe ba. Abin da ta fahimta a ranar shi ne yayarta ta sa hoto a waya, duniya ta gani, ba wanda ya kula ta. A wurinmu kuwa wannan wulaƙanci ne. In 'yar uwarka ta sa hoton miyar da ta dafa ba ka danna mata ba, za ka ji a bikin Kirsimeti. Selenia ta share mata hawaye, ta ƙulla abin a ranta, ba ta gaya wa kowa a cikinmu ba.

Shekara ta zagayo. Idon dama ya riga ya tafi, na hagu yana gani dishi-dishi. Littafin ya kammala, ta ƙarasa shafin ƙarshe hancinta yana kusan taɓa takarda. Dukanmu mun san wannan ce shekarar ƙarshe da za ta iya gani, ba wanda ya faɗa. Misi Yarelis ta gyara bayanin, muka zaɓi hoton da iska take ɗaga rufin makaranta kazar tana leƙowa ta ƙarƙashin tukunya. Na sa shi da safe, na ajiye mata wayar, na koma kan kanta saboda layin masu sayen burodi ya kai ƙofa.

Ina cikin yanka wa wani burodi na ji wayar ta yi ƙara. Ta sake yi. Kafin in sallami mutum uku ta koma yi ba tsayawa. Awilda ta ɗora madubinta a kai, ba ta iya karanta sunaye, ƙananan rubutu ne, amma tana ganin jan zuciyar da lambar gefenta tana hawa.

"Migdalia," ta kira ni da cikakken sunana. "Zo ki gani. Nena, zo."

"Ina zuwa, bari in rage layi."

Ban zo da wuri ba, don layin bai ragu ba. Daga inda nake ina jin ta tana gaya wa duk wanda ya shigo. Ta riƙe hannun Don Eusebio mai gyaran taya tana ce masa masu buga littattafai na New York sun amsa. Ta kira Heriberto a wurin aiki ta ce ya gaya wa Alondra littafinta yana zuwa. Ta tambaye ni daga nesa ko mutum yana iya ba kamfani biyu littafi ɗaya, ko kuwa rashin kunya ne. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba, ko ranar aurenta. Ni ma har na fara murna, ina ba mutane canji ba daidai ba.

Da na samu kaina na goge hannu, na ɗauki wayar, na buɗe sunayen. Na farko Nereida Cintrón, 'yar gwaggonmu ta Hartford. Na biyu mijinta. Na uku Fadan cocinmu. Sai matan coci a jere, wasu ko hoto babu a shafinsu, da alama a makon aka buɗe musu. Sai mahauci, sai tsofaffin ɗalibanta, sai surukan surukai. Don Eusebio da ta riƙe wa hannu ma yana ciki, shi ya sa yake ta murmushi.

Na ce mata zan duba janareta. Na fita bayan shago na kira Selenia.

"Ke Selenia, me kika aikata?"

"Kin gani ko?" ta ce, tana dariya. "Tun watan jiya nake shiri. Har 'yan Orlando na haɗa. Doña Provi da ba ta iya kunna waya ba, ni na buɗe mata shafi. Bana dai ba mai sa yayata kuka."

"Ba a dannawa. Editoci kaɗai suke dannawa yau. Doka ce."

"Dokar wa?"

"Ta masu abin."

"To masu abin su zo su kama ni. Bara ina dokar take da ta kwana uku ba ta ci abinci ba? Kina nan kina sayar da burodi, ni na same ta. Wace irin al'ada ce a ce ka ga naka a tsaye a kasuwa shi kaɗai ka wuce kamar ba ka san shi ba? Wannan sai su can Amurka."

"Selenia, ki rubuta a zaure yanzu ki ce kowa ya cire."

"In ce wa Fada ya cire? In ce wa Titi Monse mai shekara casa'in ta janye albarkarta? Migda, zafin tanda ya taɓa miki kai. Yawan zuciya ai shi zai jawo hankalinsu. Ko a kasuwa rumfar da ta cika ake shiga."

Na zage ta, ba zan maimaita abin da na ce ba, ta kashe wayar. Ko da ta yarda ma an makara, abin ya fita daga hannunta. Kowa yana tura wa nasa, 'yan uwan 'yan uwa da ba su taɓa jin sunan Awilda ba suna dannawa don an ce wata baiwar Allah ce daga dutse mai ciwon ido.

Na koma ciki na ja kujera na zauna kusa da ita. Ba wata dabarar faɗa, sai na faɗa kawai. Ta saurara, murmushin bai bar fuskarta nan take ba, sai da ya ɗan jima. Ta ajiye madubin a kan tebur.

"Duka?"

"Waɗanda na gani dai."

"Karanta mini."

Na fara karantawa. Duk sunan da na kira sai ta gyaɗa kai, wani ta ce, "Allah sarki, yaron nan da ba ya cin wake." Da muka kai sunayen da ba mu sani ba sai ta gyara zama. Nan wahalar take. Editocin da ake nema yawancinsu namu ne, sunayensu irin namu, Rivera da Ortiz da Maldonado. Ba yadda za ka raba edita da ƙawar matar ɗan gwaggonka sai ka buɗe shafin mutum ka duba. Muka yi kwanaki muna wannan aiki, ni a nan, Misi Yarelis a can bayan ta tashi daga aiki. Kowane baƙon suna Awilda ta riƙe numfashi, sai ya zama ma'aikaciyar jinya a Tampa ko mai gyaran gashi a Bronx. Muka kai ƙarshe ba edita ko ɗaya.

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Sai mu ce ba su so ba, kamar bara.

Misi Yarelis ce ta koma kan saƙonnin da aka rubuta a ƙarƙashin hoton. Suna da yawa, duk "Allah ya albarkace ki Titi", wato gwaggo, da hotunan furanni da hannaye masu addu'a. A tsakiyarsu akwai guda da Turanci, wanda ni na wuce shi don ban gane ba. Wata mata ce mai suna Barragán, mai ƙaramin kamfanin buga littattafan yara a Texas. Ta rubuta cewa tana taya mai zanen murna, wannan ne mafi kyawun abin da ta gani a ranar, za ta jira ta saya in ya fito.

Misi Yarelis ta nemo lambarta ta kira ta, sannan ta kira mu. Na sa wayar a kan tebur a gidan Awilda, muka saurara tare.

"Ta ce ta daɗe tana kallon hoton, Doña. Ta ce tana da gurbi guda na baɗi, wani marubuci ya janye, da shi ta shigo neman wanda za ta ba. Har ta kai yatsa za ta danna, sai ta ga yawan waɗanda suka riga ta. Ta ɗauka manyan kamfanonin New York ne suke kokawa a kanki. Ta ce ita da ma'aikata biyu ne kawai, ba ta da abin da za ta ja da su. Sai ta rubuta miki barka ta wuce."

"Ba ta duba sunayen ba?" na tambaya.

"Hotuna sun fi dubu a ranar, Migda. Ba mai buɗe sunaye. Lamba ake gani."

Awilda ta ce, "Gurbin fa?"

Misi Yarelis ta ce, "Ta ba wata yarinya daga Arizona, a ranar. Sun riga sun sa hannu. Ta ce abin ya dame ta ƙwarai. Ta ce ki sake sawa baɗi, ko ki turo mata kai tsaye, amma jerin nata a cike yake, ba za ta iya yin alkawarin komai ba kafin shekara uku."

"Shekara uku," in ji Awilda. "To. Ki gode mata, Misi. Ki ce mata na ji daɗi da ta kalla."

Da aka kashe wayar na miƙe na ɗauki jakata. Ta ce ina za ni. Na ce gidan Selenia, yau sai ta ji abin da ta jawo, da bakina. Awilda ta laluba ta kamo gefen rigata.

"Zauna."

"Wilda, ta kashe miki littafi."

"Na sani. Zauna. In kika gaya mata, ba za ta sake barci ba har ta mutu, kin san ta. Sai in rasa ido in rasa ƙanwa. Wa zai riƙa kai ni asibiti, ke da shagonki?" Ta ɗan yi dariya. "Kuma duk mutanen nan, nena. Doña Provi ta koyi waya saboda ni."

Na zauna, amma ban huce ba, har yau ban huce ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne watannin da suka biyo. Ba ta isa ta taka daga gida zuwa coci ba sai an tare ta. "Doña Awilda, yaushe littafin zai fito? Ni ma fa na danna miki." Ita kuwa ta ce, "Na gani, ɗana, Allah ya saka." Selenia tana gaya wa kowa yayarta ta fi duk 'yan Amurka samun zuciya a ranar, abin da ya rage sai masu bugu su gama lissafinsu. Ni ina bayan kanta ina yanka burodi kamar da shi muke faɗa.

Mun tura wa matar Texas littafin duk da haka. Ta amsa da kirki, ta ce yana cikin waɗanda take ajiye da su. Misi Yarelis ta gwada wasu wurare, shiru. Heriberto ya zo hutu da iyalinsa, Awilda ta fito da zanen ta shimfiɗa a kan gado. Alondra ta yi tsawo, ta fara shafa jan baki. Ta duba shafi biyu, ta ce da kyau, Abuela, wato kaka, ta sumbace ta a kunci, ta koma kan wayarta. Ba laifinta ba ne, yarinyar da aka zana wa littafin ta riga ta wuce shekarun labarin kaza.

Idon hagu ya bi na dama a hankali. Ta daina zuwa shago, ta daina kunna fitila da yamma don ba bambanci. A gaban mutane kuwa tana ɓoyewa da dabara. Ta haddace inda komai yake a gidan, tana gane mutum da takunsa, ta juya ta kalle shi daidai fuska. Selenia da take kai ta asibiti ma ta ɗauka da sauran gani, don Awilda ba ta barin ta shiga wurin likita.

Da ranar maudu'in ta sake zagayowa na rufe shago da rana na hau gidanta. Na ce mu sa, bana zan tsaya a kan Selenia da kaina, ko da za mu daina gaisawa. Ta girgiza kai.

"A sa don wa? Ko sun karɓa yau, me zan gani? Ki bar wa 'yan mata masu ido gurbin."

Kafin in ba ta amsa muka ji takun Selenia a matakala, tana haki, da kwanon abinci a hannu.

"Ina hoton? Tun safe mutane suke tambayata. Bana har cocin Hartford na haɗa, da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai. Sai mun ninka na bara."

Na buɗe baki, Awilda ta matse mini hannu.

"Sa mata, nena," ta ce. Ta rage murya yadda ni kaɗai zan ji. "Kar ki liƙa maudu'in."

Na sa hoto guda, haka nan tsurarsa. Selenia ta aika a zaure, ba a jima ba wayar ta fara ƙara. Ta zauna a bakin gado tana kiran sunaye da murna, wannan Fada ne, wannan Nereida, wannan yaron Don Eusebio. Sai ta tura wa yayarta wayar a hannu.

"Duba da kanki, Wilda. Duba yadda ake son ki."

Awilda ta karɓa, ta kawo ta kusa da fuska. Selenia tana ta lissafa waɗanda ba su danna ba tukuna, har hasken wayar ya mutu, gilashin ya koma baƙi. Awilda ba ta sauke ba. Ta ci gaba da kallonsa tana gyaɗa kai.

"Na gani," ta ce. "Kai, suna ta ƙaruwa."

Selenia ta tsaya a tsakiyar magana. Ta dubi wayar, ta dubi yayarta, sannan ta juyo ta dube ni.